Tarihin Taƙaddamar Magoya Bayan Besbol a Kan Jagorancin Ƙungiya

A Amurka, gardamar magoya baya a kan yadda ya kamata a tafiyar da ƙungiyar besbol ta kusa yin sa'a da wasan kansa. Wanda ake ja-in-ja a kansa shi ne manaja, wato babban kocin da ke zaune a rumfar 'yan wasa sanye da riga irin tasu, yana tsara jerin masu bugu, yana yanke shawarar wanda zai shiga da wanda zai fita. Tun kafuwar gasar National League a 1876 da American League a 1901, kowane zamani da irin tasa gardamar, amma jijiyarta ɗaya ce: shin manaja ya bi abin da idonsa ke gani a fili, ko ya bi abin da lissafi ya nuna?

Tsarin wasan ne ke ciyar da wannan gardama. Zagaye tara ake yi, kuma a kowane zagaye ƙungiya tana bugu har sai an fitar da 'yan wasanta uku. Majefi yana tsaye a kan ɗan tudu a tsakiyar fili yana jefa wa mai sanda ƙwallo. In mai sanda ya buga, sai ya ruga daga zango zuwa zango, in ya zagayo gida ƙungiyarsa ta ci maki ɗaya. Bayan kowane jifa wasa yana ɗan tsayawa, don haka ɗan kallo yana da sararin cewa "da ni ne, ga abin da zan yi" tun kafin manaja ya motsa. Ɗan wasan da aka cire ba ya komawa fili a wannan wasa, shawarar cire shi kuwa ba ta warwaruwa. Ga kuma wasanni 162 a kowace kaka, kowane jifa a rubuce. Wanda ya taɓa zama teburin mai shayi da safe bayan koci ya canja ɗan gaba ana saura minti goma, ya san irin wannan zance. Bambancin kawai shi ne mai kallon besbol yana zuwa da alƙaluma a aljihu.

Babbar gardamar farko ta tashi ne a kan salon cin maki. John McGraw, wanda ya jagoranci New York Giants daga 1902 zuwa 1932, ya yi imani da tara maki ɗaya bayan ɗaya: a ɗan taɓa ƙwallo da sanda don abokin wasa ya matsa gaba, a saci zango, manaja yana ba da umarni da alamun hannu. Sai ga Babe Ruth na New York Yankees, wanda a 1920 ya tsallakar da ƙwallo bayan katanga sau 54, a 1921 sau 59. Birni ɗaya ya rabu biyu. Masu ra'ayin McGraw suna ganin ƙarfin tuwo ya kori dabara, matasa kuwa suna tururuwa zuwa kallon Ruth. Giants ta doke Yankees a wasan ƙarshe na World Series a 1921 da 1922, Yankees ta rama a 1923, daga nan kuma salon Ruth ya mamaye wasan.

Shekarar 1951 ta bar abubuwa biyu da har yau ake ambata. Na farko ya faru ranar 24 ga Agusta a birnin St. Louis. Bill Veeck, mai ƙungiyar Browns, ya raba wa 'yan kallo sama da dubu alluna masu "e" a fuska ɗaya da "a'a" a ɗaya, aka zaunar da su bayan rumfar 'yan wasa, ana ɗaga musu tambaya suna kaɗa ƙuri'a. Manajan ƙungiyar, Zack Taylor, ya cire kayan wasa ya kishingiɗa a kujera mai lilo yana kallo. A zagayen farko aka ci majefinsu Ned Garver maki uku. Aka tambayi jama'a ko a fara shirya wani, suka ce a'a. Garver ya jefa wasan har ƙarshe, Browns ta doke Philadelphia Athletics da ci 5 da 3, a kakar da ta sha kashi sau 102. Abin lura shi ne, ranar da aka damƙa wa magoya baya linzami, shawararsu mafi nauyi ita ce a bar majefi a kan tudu.

Na biyu ya zo ranar 3 ga Oktoba. Brooklyn Dodgers na gaban Giants da ci 4 da 2 a zagaye na tara, a wasan da zai raba gardamar zakaran National League. Manaja Charlie Dressen ya cire Don Newcombe da ya gaji, ya sa Ralph Branca, duk da cewa kwana biyu kafin nan Bobby Thomson, wanda ke riƙe da sanda a lokacin, ya tsallakar da jifan Branca bayan katanga. Thomson ya maimaita, Giants ta ci 5 da 4. Mutanen Brooklyn sun shekara hamsin suna tsine wa wannan canji, sai a 2001 jaridar Wall Street Journal ta bayyana cewa a wannan kaka Giants tana leƙen alamun abokan hamayya da madubin hangen nesa. Thomson ya ci gaba da cewa bai yi amfani da leƙen a wannan jifa ba.

A shekarun 1970 da 1980 gardamar ta ɗauki wata fuska, ta koma tsakanin manaja da mai ƙungiya. George Steinbrenner, mai ƙungiyar Yankees, ya ɗauki Billy Martin aikin jagorancinta har sau biyar tsakanin 1975 da 1988, galibin magoya baya kuma suna bayan Martin duk da zafin ransa. A Yulin 1978 Martin ya ajiye aiki cikin hawaye. Bayan kwana biyar aka sanar a filin wasa cewa zai dawo, jama'a suka miƙe suna tafi ba ƙaƙƙautawa. Shi Martin ɗin ne, da ya koma Oakland a 1980, ya bar majefansa suka jefa wasanni 94 daga farko har ƙarshe ba canji. Cikin 'yan shekaru tauraron manyan majefansa biyar ya dusashe, aka kuma buɗe wata muhawarar: shi ya kashe musu hannu, ko ƙaddara ce? A 1987 aka buɗe tashar WFAN a New York, rediyon farko da ba ya komai sai zancen wasanni dare da rana. Direban tasi da likita suka samu layin waya ɗaya na faɗa wa manaja kuskurensa.

Ana wannan, wasu suna ta lissafi a gefe. Tun 1947 Branch Rickey, shugaban Dodgers, ya ɗauki Allan Roth aikin tara alƙaluma. Earl Weaver, manajan Baltimore Orioles, yana ajiye 'yan katuna masu nuna yadda kowane mai sanda ke yi da kowane majefi, ya kuma tsani ba da ɗan wasa fansa don wani ya matsa gaba, domin a ganinsa damar fita 27 kacal ƙungiya ke da ita a wasa, ba abin kyauta ba ce. Amma wanda ya mai da abin ilimi mai zaman kansa ɗan kallo ne. Bill James, mai gadin dare a wata masana'antar gwangwanin wake a Lawrence ta jihar Kansas, ya fara buga littafinsa Baseball Abstract da kuɗin aljihunsa a 1977. Yakan ɗauki abin da manajoji suka gada kaka da kakanni, ya auna shi da alƙaluman dubban wasanni. Ya nuna cewa satar zango ba ta biyan kuɗin sabulu sai ana nasara a mafi yawan yunƙuri, kuma yawan isa zangon farko, ko da ta hanyar haƙurin ƙin bugun jifa mara kyau ne, ya fi yadda ake zato daraja.

Oakland Athletics ce ta fito da wannan tunani fili. A 2002, ƙarƙashin babban jami'inta Billy Beane, ta ci wasanni 103, ciki har da 20 a jere, da albashin da ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na na Yankees. Littafin Moneyball na Michael Lewis, wanda ya fito a 2003, ya raba magoya baya gida biyu. Tsofaffin hannu irin su Joe Morgan, tsohon gwarzon ɗan wasa da ya koma sharhi a talabijin, suka ce kwamfuta ba ta san zuciyar ɗan wasa ba. Suna da hujja mai ƙarfi: manyan majefan Oakland uku, Tim Hudson da Mark Mulder da Barry Zito, da Miguel Tejada da ya zama gwarzon gasar a shekarar, duk masu farautar hazaƙa ne suka gano su da ido. Oakland kuma ta faɗi a matakin farko na wasannin kifuwa ɗaya kwala shekara huɗu a jere, daga 2000 zuwa 2003.

Wasanni biyu, tsakaninsu shekara 17, su ne suka fi nuna inda gardamar ta dosa. Ranar 16 ga Oktoba 2003, Boston Red Sox, wadda rabonta da kofi tun 1918, ta shiga filin Yankees a wasa na bakwai, wanda ya ci shi ya tafi World Series. Pedro Martínez, majefin da ba shi da na biyu a zamaninsa, ya gama zagaye na bakwai, ya nuna sama da yatsa, ya rungumi abokansa kamar wanda ya gama aiki. Alƙaluman da shugabannin ƙungiyar ke da su sun nuna cewa ƙarfinsa yana raguwa sosai in ya haura jifa ɗari. Manaja Grady Little ya mai da shi zagaye na takwas, Boston na gaba da 5 da 2. Derek Jeter ya buga, Bernie Williams ya buga, ci ya koma 5 da 3. Little ya tako har kan tudu, ya yi magana da Martínez, ya juya ya bar shi, alhali majefan canji da ke kan ganiyarsu suna shirye. Hideki Matsui ya buga, Jorge Posada ya buga, aka yi kunnen doki. A zagaye na 11 Aaron Boone ya tsallakar da ƙwallo, Yankees ta wuce. Ba a sabunta kwantiragin Little ba, duk da ya ci wasanni 93 da 95 a kakarsa biyu. Wanda ya gaje shi, Terry Francona, ya ɗauko kofin a 2004, bayan shekara 86, lokacin Bill James yana cikin masu ba ƙungiyar shawara.

Ranar 27 ga Oktoba 2020 abin ya juye. A wasa na shida na World Series, a Arlington ta jihar Texas, Blake Snell na Tampa Bay Rays ya hana Los Angeles Dodgers sakat. Jifa 73 kacal ya yi, ya fitar da mutum tara ba su iya taɓa ƙwallo yadda ya kamata ba, Rays na gaba da 1 da 0. Manyan masu sanda uku na Dodgers sun fuskance shi sau shida, sau shidan ya mai da su rumfa. Da aka samu bugu ɗaya a zagaye na shida, manaja Kevin Cash ya fito ya karɓi ƙwallo daga hannunsa, bisa ƙa'idar da ƙungiyar ta bi duk kaka: majefi yana rauni in ya fuskanci masu sanda karo na uku. Nick Anderson da ya shigo, an ci shi maki a kowane ɗaya daga wasanni shida da ya buga kafin nan. Nan take Dodgers ta ci biyu, ta ƙare da 3 da 1, ta ɗauki kofinta na farko tun 1988. Cash ya sha zagi irin wanda Little ya sha, shi don ya cire, wancan don ya bari. Bai rasa aikinsa ba. Shi aka ba kyautar gwarzon manajan American League a wannan shekara da ta bayanta.

A nan ya kamata a yi wa manajojin biyu adalci. Mai kallo yana yanke hukunci ne bayan ya ga sakamako, manaja kuwa kafin. Duk da haka kukan masoyan tsohon salo ba na jahilci ba ne, kuma kuskure ne a ɗauke shi haka. Lissafi yana faɗin abin da ya fi yawan faruwa a wasanni dubu, ba ya ganin cewa a daren nan hannun Snell ya fi na kullum kaifi, na Anderson kuma ya mutu. Akwai kuma abin da mutum ya biya kuɗin tikiti don ya gani. Ranar 13 ga Afrilu 2022, Clayton Kershaw na Dodgers ya jefa zagaye bakwai ba wanda ya isa ko zangon farko, da jifa 80, saura mutum shida ya yi abin da sau 23 kawai aka taɓa yi a tarihin gasar zuwa lokacin. Manaja Dave Roberts ya cire shi don kare masa hannu, Kershaw da kansa ya goyi bayan shawarar, amma ɗimbin masu kallo sun ji an ƙwace musu wani abu da ba lallai su sake gani ba. Wannan rashi na gaske ne, ko da shawarar daidai ce.

Abin da ya fi canjawa shi ne mazaunin iko. McGraw shi ne wuƙa shi ne nama a ƙungiyarsa. Manajan yau yana shiga fili da tsarin da suka zauna suka shata shi da ofishin masu nazari, shi ne kuma ke fuskantar 'yan jarida in abin ya ɓaci. Shi ya sa fushin magoya baya ya fara tsallake rumfa yana hawa bene, wajen shugabanni da masu ƙungiya.

Hukumar gasar ta shiga maganar da dokoki. Daga 2020 majefin canji sai ya fuskanci mutum uku ko ya ƙarasa zagaye kafin a cire shi. A 2023 aka hana tara masu tsaro a gefe ɗaya na fili, aka kuma sa agogon jifa, wanda ya rage tsawon wasa da kusan minti 24. Cikin masu ba da shawarar waɗannan sauye-sauye akwai Theo Epstein, shugaban da ya gina Red Sox ta 2004 da lissafi, wanda ya fito ya amince cewa irinsu sun taimaka wajen rage wa wasan armashi. Batun majefin farko ne bai samu magani ba. A ƙaramar gasar Atlantic League an fara gwada wata doka a 2021, wadda ke sa ƙungiya ta rasa ɗan wasan da ke bugu a madadin majefi in ta cire majefinta na farko, don a sa manajoji su daɗe da shi a kan tudu. Babbar gasar ba ta ɗauki wannan doka ba tukuna.