Gidan Audu na Wusasa

Gidan Audu ɗaya ne daga cikin tsofaffin gidajen Hausawa Kirista na ƙasar Zazzau, waɗanda ke kiran kansu Masihiyawa. An fi sanin gidan ta dalilin Farfesa Ishaya Shu'aibu Audu, likitan yara, shugaban jami'a, minista, kuma fasto a ƙarshen rayuwarsa. Amma karatun gidan ya girmi zuwan 'yan mishan, domin tushensa yana cikin malantar allo da tawada.

A ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano mai suna Ibrahim. Nazarin ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Annabi Isa ya kai shi ga ba Isa wani matsayi da sauran malamai ba su yarda da shi ba. An kashe shi a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, almajiransa suka watse zuwa Ningi da ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau, inda aka riƙa ce musu Isawa. Ba su da coci, ba su da Linjila a hannu, abin da suka gada kawai shi ne jiran wanda zai zo musu da cikakken labarin Isa. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka iske Likita Walter Miller na ƙungiyar CMS, wanda ya zauna a birnin Zariya tun 1905. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, sai ciwon barci ya faɗa masa ya kashe mutane da yawa, waɗanda suka tsira suka tashi. Daga wannan jama'a Malam Bulus Audu ya fito.

An haifi ɗansa Ishaya a Anchau ranar 1 ga Maris, 1927. Bayan shekara biyu mishan ta bar cikin ganuwar Zariya ta koma Wusasa, inda coci da makaranta da asibiti suka zauna kusa da juna. Yaro ya yi karatu a makarantar St. Bartholomew, ya wuce Yaba a Legas, ya shiga sahun farko na ɗaliban Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, sannan ya ƙarasa karatun likita a Ingila. Ya zama likitan Sardauna Ahmadu Bello, ya kuma koyar da ilmin lafiyar yara a Jami'ar Legas. Kusancinsa da Sardauna abin lura ne ga duk mai zaton gwamnatin Jihar Arewa ba ta da wurin Kirista a cikin gida.

A 1966, shekarar da aka kashe Sardauna, aka naɗa shi shugaban Jami'ar Ahmadu Bello bayan Norman Alexander. Shi ne ɗan ƙasa na farko a kujerar, bai kuma cika shekara 40 ba. Ya karɓi jami'ar ana cikin tarzoma, ma'aikata da ɗalibai 'yan Gabas suna barin Arewa, yaƙin basasa na tafe. A zamaninsa aka buɗe tsangayar koyon aikin likita, aka kuma kafa makarantar share fagen shiga jami'a don yaran Arewa da makarantunsu na sakandare ba su shirya su sosai ba. Wannan makaranta ta sha suka daga masu ganin an sassauta ma'auni, amma da wuya a ƙirga manyan ma'aikatan Arewa na shekarun 1980 ba tare da an ci karo da ɗalibanta ba. Ya sauka a 1975, Farfesa Iya Abubakar ya gaje shi.

Siyasarsa gajeriya ce. Ya tsaya mataimakin Nnamdi Azikiwe a jam'iyyar NPP a 1979, ya zama ministan harkokin waje a gwamnatin Shehu Shagari har 1983, sojoji suka tsare shi bayan juyin mulki. Da ya fito sai ya koma Samaru ya riƙe asibitinsa, ya kafa coci da kansa yana wa'azi. Ya rasu ranar 29 ga Agusta, 2005.

Gidan Audu bai tashi shi kaɗai ba. Irin wannan tarbiyya ta mishan ɗin Zariya ce ta fitar da Dokta R. A. B. Dikko, likitan zamani na farko daga Arewa, wanda asibitin Barau Dikko na Kaduna ke ɗauke da sunansa, da John Tafida da ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, da Farfesa Adamu Baikie da ya shugabanci Jami'ar Benin da ta Lesotho. Janar Yakubu Gowon ma a Wusasa ya girma, mahaifinsa yana aikin bishara.

Gadon da ya fi yaɗuwa daga wannan ƙaramar jama'a shi ne harshen ibada. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda Miller ya jagoranci fassararsa da taimakon Hausawan da ke tare da shi, ya fito a 1932. Hausar coci da ta samo asali a nan ita ce ake sujada da ita yau a Kakuri da Sabon Tasha da Narayi, kudu da kogin Kaduna, a bakin Bajju da Atyap da Gbagyi waɗanda yawancinsu ba su da dangantakar jini da Isawa.