Harshe, Jijiya da Jini: Darasin da Gubar Dalma ta Bar wa Zamfara

Kafin magani sai an gane cuta, kuma a nan ne likitancin Sinawa da na Turawa suka raba hanya.

Likitan gargajiya na ƙasar Sin yana da matakai huɗu: ya duba fuska da harshe, ya saurari murya da numfashi, ya yi tambayoyi, sannan ya ɗora yatsu uku a wuyan hannu ya ji bugun jijiya. Tun ƙarni na 3 Wang Shuhe ya rubuta littafi ya kasa bugun jijiya gida 24. Abin da ake nema shi ne inda daidaiton jiki ya karkace: zafi ne ya rinjaya ko sanyi? Wannan ba baƙon tunani ba ne ga Bahaushe. Mai maganin gargajiya a kasuwar Tsafe ko Bungudu shi ma ido da fitsari yake tambaya, ya ce shawara ce ko sanyi ne.

Turawa ma da haka suka fara. Sauyi ya zo a 1816, lokacin da Laennec na Faransa ya ƙirƙiro abin sauraron ƙirji, sai hoton ƙashi a 1895. Daga nan suka koma neman sanadin cuta a cikin jiki, da awo da lamba.

Zamfara ta ga amfanin wannan bambanci a 2010. Yara suka riƙa amai da jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Alamomin sun yi kama da zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau, har ma'aikatan asibiti suka ba da maganin zazzaɓi, bai yi aiki ba. Sai da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta aika jini zuwa Jamus aka gano gubar dalma ce, daga dutsen zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje. Kimanin yara 400 suka rasu. Ba harshe ko jijiyar da za ta faɗi yawan dalmar da ke jinin yaro.

Sai dai gwajin bai zo da kansa ba. Tambayar iyaye da lura da sababbin kaburburan yara da injinan niƙa su suka sa aka yi zargin guba. Wato duba da tambaya, waɗanda Sinawa da magabatanmu suka riƙe, su suka nuna inda za a auna.

Har yau ana haƙar zinariya a jihar. Idan yaro yana jijjiga kuma akwai mai aikin ma'adinai a gidan, a garzaya da shi asibiti, a faɗa wa likita sana'ar gidan, a nemi gwajin jini ko da sai an je Gusau.