Nauyin Hanya da Arzikin Gari: Misali daga Tarihin Dutse

Makasudin wannan takarda shi ne mu nuna cewa ba yawan hanyoyi ke raya gari ba, nauyin abin da ke bi ta kansu ne, watau yawan mutane da kaya da dabbobi. Idan muka ɗauki garuruwa tamkar ƙulle-ƙullen komar masunta, hanyoyi kuwa zarenta, za mu tarar wani zaren kakkaura ne, wani siriri. Garin da kakkauran zare ya ratsa shi ne ke bunƙasa.

Dutse tsohon gari ne a gabashin Kano. Littafin Tarihin Kano ya ambaci cewa Sarki Abdullahi Burja (1438–1452) ya auri 'yar Sarkin Dutse, kuma a zamaninsa aka buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja. A ganinmu, wannan aure alama ce ta darajar garin a lokacin da ayarin jakuna ke ɗauke da fataucin ƙasa. Fatake kan zaɓi zango bisa ga ruwa da tsaro, saboda haka nauyin ciniki yakan rarrabu a kan turbobi da dama.

Zuwan jirgin ƙasa ya sāke wannan tsari. Dogo ya iso Kano a 1911, a 1930 kuma ya kai Nguru ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori, ya bar Dutse can kudu. Tarago guda yana ɗaukar kayan da sai jakuna masu ɗimbin yawa za su iya, don haka gyaɗa da masu sayenta suka karkata ga tashoshi. Har ila yau, tsohon titin Kano zuwa Maiduguri ta Birnin Kudu ya bi. Ba a toshe wa Dutse ko turba ɗaya ba, amma nauyi ya ƙaurace mata ta arewa da ta kudu.

Al'amari ya juya ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa aka mai da Dutse hedkwata. Kuɗin hukuma da ma'aikata suka fara kwararowa, Jami'ar Tarayya ta biyo baya a 2011, sannan tagwayen titin Kano zuwa Maiduguri ya bi ta Shuwarin, dab da garin. Sai dai mu lura, mafi yawan wannan nauyi daga baitulmali ya fito, ba daga gona ba.

Saboda haka muna ba masu tsara ƙasa shawara su ƙidaya abin da hanya ke ɗauka kafin su auna tsawonta. Muddin ƙananan hanyoyin da ke kawo riɗi da gero da dabino kasuwar Shuwarin ba su ƙarfafa ba, manyan motoci za su riƙa wucewa ne kawai, manomi yana kallo.