ASALIN KALMAR LA'IFI DA MA'ANARTA

Takardar wannan mako ta fito ne daga hannun wani mai sayar da hatsi a ƙasar Katsina. Ya ce ranar kasuwa wani abokin cinikinsa ya kasa ɗaga buhun gero, shi kuwa cikin raha ya ce masa la'ifi, sai mutumin ya fusata har ya daina gaishe shi. Ya ce ai ya ji malamai na cewa hadisi la'ifi, to ina zagi a nan?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Ita dai kalmar la'ifi aro ce daga Larabci, asalinta da'if, wato mai rauni, ko a jiki, ko a hali, ko a hujja. Ka san Larabci ya daɗe a ƙasar Hausa. Littafin Tarihin Kano ya nuna Wangarawa sun zo da Musulunci zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385. Daga baya kuma Shehu Magili ya sauka Kano zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Ta bakin malamai da almajirai irin waɗannan kalmomi suka fito daga zaure suka shiga kasuwa.

Wataƙila ka ce, to yaya "da" ya koma "la"? Harafin farko na kalmar shi ne wanda Larabawa ke kira dad, malamanmu na tsangaya kuwa da lam suke furta shi. Shi ya sa alƙadi ya zama alƙali, darura ta zama larura, farida ta zama farilla, diyafa ta zama liyafa. Ba kuskure ba ne tsagwaronsa, domin Sibawaihi, babban malamin nahawu na ƙarni na 8, ya bayyana cewa daga gefen harshe ake fitar da harafin, kusa da mafitar lam. Hatta mutanen Sifen, magajin gari alkalde suke ce masa, daga alƙadi ɗin nan.

A wajen malaman hadisi, kalmar tana nan da ma'anarta ta asali. Ibnu Salah, wanda ya rasu a 1245, ya kasa hadisai uku: sahihi, hasan da la'ifi. La'ifi shi ne wanda bai cika sharuɗɗan biyun farko ba, misali a sami giɓi cikin jerin masu ruwaya, ko ɗayansu ya zama mai yawan mantuwa.

Amma a bakin jama'a, ma'anar ta ƙuntata. Bahaushe mutum ne mai kunya, ba ya son ambaton sha'anin aure tsirara, sai ya sakaya, ya kira namijin da ba ya iya biya wa iyali bukata la'ifi. Yau da gobe sakayawar ta zama ita ce sunan abin. Maganar kuwa ba ƙarama ba ce, don a Risala ta Ibnu Abi Zaidin, wanda ya rasu a 996, irin wannan miji shekara guda ake ba shi ya nemi magani, in bai samu lafiya ba, matar tana da damar neman a raba. Ka ga ke nan, a tsakiyar kasuwa ka jefi abokinka da abin da kan kai mutum gaban alƙali.

Saboda haka in ƙarfin jiki kake nufi, ka ce mai rauni. In ƙiwuya ce, rago. In tsoro ne, matsoraci. Wanda kuma larurar ta same shi da gaske, ba abin gori ba ne, sau da yawa ciwon sukari ko hawan jini ke kawo ta, sai a tafi asibiti.

Shawararmu, Malam, ka je har gida ka ba shi haƙuri, ka gaya masa ba ka san nauyin kalmar ba. Da fatan ka gamsu. Sai mun ji daga gare ku.