Rage Sitaci da Ƙara Maiƙo: Tasirinsa ga Motsa Jiki

Wannan tsarin cin abinci, wanda aka fi sani da kito, ya ƙunshi rage abinci mai sitaci da suga kamar tuwo, shinkafa, doya, burodi da fura, a maye gurbinsu da maiƙo: man gyaɗa, man ja, man shanu, ƙwai, nama da kifi. A tsarin mai tsauri, sinadarin kabohaidiret ba ya wuce giram 50 a rana. Tun shekarun 1920 likitoci ke amfani da shi wajen maganin farfaɗiyar yara, kafin ya yaɗu tsakanin masu neman rage ƙiba.

Abin da ke faruwa a jiki

Jiki na ajiye suga a tsoka da hanta a matsayin gilaikojin. Idan aka rage sitaci, wannan ajiya takan ragu, sai jiki ya koma ƙona kitse. Gilaikojin na riƙe da ruwa, shi ya sa nauyin da ke saurin sauka a makon farko galibinsa ruwa ne. A wannan lokacin mutum kan ji kasala, ciwon kai, jiri, ɗaurewar jijiyar ƙafa ko taurin bayan gida.

Motsa jiki

Tafiya a ƙasa ko tuƙa keke a hankali ba su cika wahala ba bayan 'yan makonni, domin kitse ya isa ga irin wannan aiki. Amma gudu mai tsanani da ƙwallon ƙafa suna buƙatar suga, saboda ya fi kitse saurin ba da kuzari, kuma ƙona kitse ya fi cin iskar oksijin.

A wani bincike da Louise Burke da abokan aikinta suka wallafa a 2017 a Ostireliya, ƙwararrun 'yan tseren tafiya da suka bi wannan tsari na mako uku sun ƙara ƙona kitse sosai, amma lokacinsu a tseren kilomita 10 bai inganta ba, alhali waɗanda suka ci sitaci sun inganta.

Waɗanda ya kamata su yi hattara

Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan glibenclamide na iya fuskantar faɗuwar suga mai haɗari, musamman lokacin motsa jiki. Alamominta sun haɗa da karkarwa, gumi da rikicewa. Mai shan empagliflozin ko dapagliflozin kuwa jininsa na iya yin tsami fiye da kima, wanda kan kai ga asibiti cikin gaggawa. Masu juna biyu, masu shayarwa da masu ciwon ƙoda ko hanta kada su fara ba tare da shawarar likita ba. Haka kuma kolestarol mai cutarwa kan hau ga wasu, don haka a riƙa gwajin jini.

Duk mai shan magani da ke son gwada tsarin ya fara ganin likitansa, domin wataƙila sai an rage masa magani. Ya sha ruwa sosai, ya yawaita ganye kamar alayyahu da zogale, ya kuma sassauta motsa jiki a makonnin farko.