Maƙwallato da Tarihin Hausar Zango a Arewacin Ghana

A ƙarni na 19 fataken Hausa suna bin hanyar goro daga Kano, su ratsa Yendi, su sauka Salaga a ƙasar Gwanja. Cikin kayan da suka zo da su har da sautukan da Dagbani, harshen Yendi da Karaga, ba shi da su: ɓ, ɗ, ƙ da ts. Asirin waɗannan sautuka yana cikin maƙwallato.

Maƙwallato akwati ne na guringuntsi a saman bututun iska, a cikinsa akwai tantani biyu. Tsokokin ciki su ke buɗe tantanin ko rufe shi, wasu kuma su ja shi ya miƙe, murya ta ɗaga. Da haka karin sautin sama ke samuwa. Tsokokin waje su ke ɗaga akwatin gaba ɗaya ko saukar da shi. Idan tantani ya rufe, akwatin ya haura, iskar da ta makale a baki sai ta fito da ƙarfi: wannan shi ne tunkuɗau, kamar ƙ da ts. Idan akwatin ya sauka, sai a sami haɗiyau, wato ɓ da ɗ.

Sanin wannan ya ɗauki zamani mai tsawo. A ƙarni na 2 likita Jalinusu ya nuna cewa yanke wata jijiya a wuyan alade yana kashe muryarsa. Sai a 1854 Manuel García, malamin waƙa ɗan Sifen, ya ga tantanin kansa yana motsi da taimakon madubi.

Malaman ajami, irin su Alhaji Umaru wanda ya zauna Salaga kafin ya koma Kete-Krachi, ya rasu a 1934, sun riga sun ware ƙ da harafin ƙaf. Boko kuwa sai a shekarun 1930 ya daidaita haruffa masu ƙugiya.

A zangunan Yendi da Bawku Hausa ta zama harshen kasuwa ga waɗanda ba a haife su da ita ba. Da yawansu sukan furta k a wurin ƙ, b a wurin ɓ, har ƙafa ta yi kama da kafa, ɓari ya koma bari. Ɗalibi ya ɗora yatsa a maƙwallatonsa ya furta "ƙafa", zai ji ya haura. Ya furta "ɓari", zai ji ya sauka.