Ƙaron Guggul: Yadda Masu Maganin Ayurveda Ke Tace Shi

Guggul ƙaro ne mai ƙamshi da ake samu daga wata ƙaramar itaciya mai ƙaya, wadda ke tsirowa a busassun yankunan Rajasthan da Gujarat a Indiya, da kuma Pakistan. Sunanta na kimiyya Commiphora wightii. Ɗan'uwa manomi, idan ka san dashi da muke kafa shinge da shi, to danginta ne na kusa, amma ba iri ɗaya ba ne.

A tsarin maganin gargajiya na Indiya, wato Ayurveda, ba a sha ɗanyen guggul. Sai an tace shi tukuna, aikin da suke kira shodhana.

Yadda ake tacewa

Da farko a tsince yashi da tsakuwa da ɓawo da hannu, a farfasa ƙaron ƙanana. Sai a ƙunshe shi a ƙyalle, a rataya ƙunshin cikin tukunya yadda zai nutse a ruwa amma ba zai taɓa gindinta ba. Ruwan kan zama madarar shanu, ko fitsarin saniya, ko dafaffen ruwan triphala, haɗin 'ya'yan itace uku. Ana ɗora wuta sannu-sannu har ƙaron ya narke ya tsiyaye ta ƙyallen. Abin da ya rage a ƙunshi a zubar. Ruwan kuma a ci gaba da dafa shi ya yi kauri, a shanya, a murza da man shanu.

Me ke canzawa?

Sinadaran da aka fi nema a cikinsa su ne guggulsterone iri biyu, E da Z. Tacewa na fitar da datti, kuma masu Ayurveda na yin ta ne don rage ƙaiƙayin fata da ɓacin ciki. Sai dai zafi na kore wani ɓangare na man ƙamshin, kuma yawan guggulsterone da ya saura ya danganta da ruwan da aka dafa da ƙarfin wuta.

Kada ka ɗauka tacewa ta mai da shi maganin komai. Wani gwaji a Amurka a 2003 bai ga ya rage mugun kitsen jini ba, wasu ma sun yi ƙuraje. Mai ciki ta guje shi.

Darasi gare mu

Yawan tsaga ya kashe itatuwan guggul da dama, har hukumar IUCN ta saka itaciyar cikin masu dab da ƙarewa. Idan kana ɗibar ƙaron dashi, hano ko dakwara, ka tsaga ɓawo kaɗan, ka bar itace ya huta. Ku shanya kan tabarma, ba a ƙasa ba, ƙungiya ta ware mai kyau daban. Kuma kada a sayar da ƙaron dashi da sunan guggul. Ranar da mai saye ya gano, kasuwar ƙungiya duka ce za ta tafi.